Iskar da Ake Saye da Tsada

Iska kyauta ce, kowa yana shaƙa ba a tambaye shi ko sisi ba. Duk da haka akwai manyan kamfanoni a duniya, irin su Linde da Air Liquide, waɗanda babbar hajarsu ita ce iska. Ladan tacewa suke karɓa.

Iskar da ke kewaye da mu a gauraye take: kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kusan kashi 21 oksijin, sai argon da bai cika kashi ɗaya ba, da wasu 'yan burbushi. A 1895 wani injiniya Bajamushe, Carl von Linde, ya gano yadda za a sanyaya iska har ta koma ruwa, a 1902 kuma ya fara rarraba ta. Kowace da matakin da take tafasa: naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifiri, argon a 186, oksijin a 183. Idan aka zuba ruwan iskar cikin doguwar hasumiya, naitirojin ke riga tashi, a tare shi a sama, oksijin ya taru a ƙasa, kamar dai yadda sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi.

Masu wannan sana'a da yawan tara suke ciniki. Iskar da tsabtarta ta kai 99.999 cikin 100 tara biyar ke nan, wato dattinta bai wuce kashi goma cikin miliyan ba. Duk tarar da aka ƙara, kuɗi sai ya hau. Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta waya su ne suka fi kowa tsanani, domin ɗigon danshin da ido ba zai taɓa gani ba yana iya lalata musu kayan miliyoyi. Fitilun lesa da suke zana ƙwaƙwalwar da su suna aiki ne da niyon, iskar da ba ta wuce kashi 18 cikin miliyan na abin da muke shaƙa ba. Saboda ƙarancinta, sai a manyan masana'antun ƙarfe, inda ake tace oksijin mai ɗimbin yawa, tara ta ke biyan wahala. Kafin 2022 kusan rabin tataccen niyon na duniya daga kamfanoni biyu na Yukiren yake fitowa, Ingas a Mariyufol da Cryoin a Odesa. Da Rasha ta kai hari duka biyun suka tsaya, hankalin masu ƙera kayan lantarki daga Taiwan har Amurka ya tashi.

Hiliyum kuwa daga rijiyoyin gas ake samun sa, musamman a Amurka da Katar da Aljeriya. Shi ke sanyaya maganaɗisun na'urar hoton MRI zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri. A ganina, hura balan-balan ɗin biki da shi almubazzaranci ne, tunda wanda ya tsere sama ya tafi ke nan.

Sai dai yawan tara ba shi ne ƙarshen zance ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Oksijin da mai walda ke yanka ƙarfe da shi yakan kai kashi 99.5, idan ya gaza haka yankan ya yi nawa, bakin ƙarfen ya yi kaushi. Amma injinan da ake girkawa a asibitoci su tace oksijin nan take kashi 93 suke bayarwa, kuma likitoci sun yarda da shi. Me ya sa? Saboda ragowar argon ne da naitirojin, waɗanda huhu ya saba da su. Abin tsoro a tukunyar mai walda shi ne babu wanda ya ba da tabbacin abin da ya taɓa shiga cikinta: tsatsa, danshi, maiƙo, ko wata iskar da ta koma ta tiyo. Tukunyar asibiti magani ce, ana zuƙe ta tas kafin a sake cikawa, a gwada, a rubuta lamba. Maiƙon ma kaɗai bala'i ne, don giris ko man inji a bakin tukunyar oksijin yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. A Afrilun 2021 fashewar tukunyar oksijin a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza ta jawo gobarar da ta ci rayuka 82.

Wannan batu ya iso har faranti a kasuwanninmu. 'Ya'yan itace suna fitar da wata iska, etilin, ita ke sa su nuna, kuma a manyan rumbunan ayaba na duniya tatacciyarta ake sakawa a ɗaki da awo. Wasu 'yan kasuwarmu kuwa sai su ɗauko kabayid, dutsen nan da masu walda ke jiƙawa su sami wuta, su cusa a cikin tulin mangwaro ko ayaba. Asitilin ɗin da yake fitarwa yana kwaikwayon etilin, ɓawo ya yi ruwan ɗorawa, ciki kuwa ɗanye. Kabayid na walda ba don abinci aka yi shi ba, yana ɗauke da burbushin arsenik da fosfaras, shi ya sa hukumar NAFDAC ta haramta nunar da kayan marmari da shi, take kuma ta nanata gargaɗi.