Ɗakin Littattafai na Jami'a da Gafakar Malamai

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba, 1962. Babban ɗakin littattafanta yana Samaru, shi ne aka raɗa wa sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa na lokacin.

Littattafan ilmin zamani ba su da wuyar samu, in dai akwai kuɗi. Malaman kowane sashe kan rubuta sunayen waɗanda ɗalibansu ke bukata, a aika a sayo, a da galibi daga Ingila.

Amma ɗalibin tarihi ko na shari'a yana bukatar abin da ba shi a kanti, watau littattafan da aka rubuta da hannu. Da yawa daga talifin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Abdullahi, da wasiƙun sarakunan da, suna cikin gafaka a zaurukan malamai, inda gara da yoyon damina ke cinsu. Saboda haka a 1964 jami'ar ta kafa shirin binciken tarihin Arewa domin tattara su. Wanda ba ya son rabuwa da gadonsa, akan ɗauki hoton littafin shafi shafi, a mayar masa da abinsa.

To, malami ba ya kwance gafakarsa gaban baƙo, kuma yana da gaskiya. Sai hakimi ya sa baki ake samun yarda. Magatakarda kuwa, aikinsa ya rubuta sunan littafin, da mawallafinsa, da mai shi, da garinsu.