Kumfar Kunun Zaƙi: Daga Ina Iskar Take Fitowa?

Duk wanda ya saba sayen kunun zaƙi na gorar roba a Kazaure ko a kasuwar Ɓaɓura lokacin bazara, ya san cewa idan gora ta yini a rana sai ta kumbura ta yi tauri. Da an murɗa murfin sai iska ta kufce, kumfa ta taso, zaƙin kuma ya juye tsami. To, daga ina iskar ta shiga, alhali gora a rufe take ruf?

Amsar tana cikin yadda ake yin kunun. Akan jiƙa gero ko dawa, a markaɗa da citta da kanumfari, a dama wani kaso da tafasasshen ruwa, sa'annan a haɗa shi da ɗanyen ƙullun da aka sa wa dankalin Hausa ko tsiron hatsi, a bar shi ya kwana. Dankali da tsiro suna ɗauke da wani sinadari mai suna amiles, wanda yake farfasa sitacin hatsi ya mayar da shi sukari. Wannan sukari kuwa abinci ne ga ƙananan halittu iri biyu waɗanda ido ba ya gani. Na farko su ne bakteriyar tsami, irin waɗanda suke mayar da madara kindirmo. Na biyu shi ne yis, ɗan uwan funfuna, wanda yake sa ƙullun waina ya tashi. Idan yis ya ci sukari yakan fitar da abu biyu: iskar kabon dayoksaid da kuma barasa. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya nuna a shekarar 1857 cewa tsamin madara aikin halittu masu rai ne.

Abin da yake faruwa cikin gorar kunu bisa tsautsayi, akwai inda ake yin sa da gangan. A yankin Shamfen na arewa maso gabashin Faransa, bayan ruwan inabi ya tsimu ya zama giya, akan ɗura shi a kwalba, a ƙara yis da sukari kimanin giram 24 a kowace lita, a toshe. Iskar da yis ya fitar ba ta da mafita, sai ta narke cikin ruwan, har matsinta ya kai ninki biyar zuwa shida na matsin iskar sarari, wato ya zarce na tayar mota nesa ba kusa ba. Shi ya sa kwalbar take da kauri, ake kuma ɗaure toshiyarta da waya. Dokar yankin ta hana sayarwa sai an ajiye kwalba wata 15 aƙalla. Wadda aka rubuta wa shekara kuwa, wato ta inabin kaka guda da ta yi albarka, sai ta shekara uku. Dalili shi ne rana da ruwan sama na kowace shekara su suke ƙayyade yawan sukari da tsamin inabi, kamar dai yadda matan Fulani na Roni da Gwiwa suka san man shanun damina ya fi na rani launin rawaya saboda ɗanyar ciyawa.

Bambancin shi ne, can a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi ake aikin, da yis zaɓaɓɓe. A nan kuwa zafin Afrilu yakan kai digiri 40, halittun su hayayyafa cikin 'yan sa'o'i, har da masu cutarwa idan ruwan ko gorar ba su da tsabta. Sabon kunu abin sha ne mai kyau, amma wanda ya kwana biyu a rufe cikin zafi barasa tana ƙaruwa a cikinsa, yana kuma iya jawo gudawa. Saboda haka a sha kunu a ranarsa, a ajiye shi a firji ko cikin ruwan randa, gorar da ta kumbura kuma a zubar.

Malamai suna iya nuna wannan a aji. A zuba ruwa mai ɗumi da sukari cokali biyu da ɗan yis a kwalabe biyu, a ɗaura balan-balan a bakin kowacce. A sa ɗaya cikin ruwan sanyi, ɗaya a wuri mai ɗumi, ɗalibai su duba wacce za ta riga hurowa.