Mallakar Dandalin Sada Zumunta: Nazari a Kan Mastodon da Manhajar Gayya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata tambaya da ba a cika yi ba, watau wa ke da dandalin da muke hira a kai kullum, kuma da me muke biyansa. Abin da ya sa na ga ya dace a kawo maganar gaban wannan taro shi ne abin da ya faru ranar 5 ga watan Yuni 1977 da ƙari shekara arba'in da huɗu, ina nufin 2021, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wanda ke da gaskiya, abu guda ya fito fili: dandali mai ƙofa ɗaya ba shi da wuyar kullewa, ko daga ciki ko daga waje. Gwamnatin ma da ta ƙaura zuwa wani dandalin Indiya mai suna Koo, shi ma ya rufe a 2024.

2.0 Asalin manhajar gayya

Kafin mu shiga cikin zancen, ya kamata mu fahimci cewa kowace manhaja tana da tushe, watau rubutun umarnin da masana suka tsara wanda kwamfuta ke bi. Yawancin kamfanoni sukan sayar da manhaja su ɓoye tushen, kamar mai magani da zai ba ka ƙulli ya hana ka sanin itacen. A 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU domin samar da manhajar da kowa ke da ikon amfani da ita, da nazarinta, da gyara ta, da raba ta ga wasu. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ke da sharaɗi guda mai hikima: duk wanda ya gyara manhajar ya kuma raba ta, tilas ya bayyana tushen gyaransa. Linus Torvalds, ɗalibi a Finlan, ya fara Linux a 1991, ya kuma sa shi ƙarƙashin wannan lasisi a shekara ta gaba.

Na zaɓi in kira wannan abu manhajar gayya, domin kuwa kamannin a bayyane yake: jama'a ne suka taru, kowa da fartanyarsa, ba don lada na kuɗi ba. Sai dai a gayya ta gargajiya an san mai gona, an kuma san wanda zai kawo fura. A nan kuwa, kamar yadda za mu gani, ba kullum ake sanin su ba.

3.0 Yadda Mastodon yake aiki

Wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, shi ya fitar da Mastodon a 2016. A ido ya yi kama da Twitter, amma gininsa daban ne. Maimakon kamfani ɗaya ya riƙe kowa, duk wanda ke da hali yana iya ɗaukar manhajar ya kafa tasa uwar garken, watau kwamfutar da ke ajiye saƙonni, ya gindaya nasa dokokin. Waɗannan garakai suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda ƙungiyar W3C ta amince da ita a Janairu 2018. Misali mafi kusa shi ne gidan waya: mai akwati a Zariya yana aika wasiƙa ga mai akwati a Maraɗi ba tare da ya buɗe akwati a can ba. Idan mai garke ya ɓata maka rai, kana iya ƙaura da mabiyanka zuwa wani, ko da yake tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa binka.

Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoba 2022, masu amfani da Mastodon a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa miliyan biyu da rabi. Daga baya da yawa sun koma inda suka fito. Dalilin bai wuce wanda kowane ɗan kasuwa ya sani ba, cewa rumfa ba ta da amfani a inda masu saye ba sa zuwa, komai kyan ta.

4.0 Sirri da wanda ke biyan kuɗi

A nan ne maganar ta fi nauyi. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Mai talla ba ya biyan wannan kuɗi don Allah. Yana biya ne domin an san shekarun mai kallo, da garinsa, da abin da ke jan hankalinsa. Ashe ke nan mai amfani da dandalin ba shi ne mai saye ba, shi ne hajar, kamfanin kuwa dillali ne mai karɓar la'ada. Badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, wadda ta shafi bayanan mutane har miliyan 87, ta jawo wa Facebook tarar dala biliyan 5 a Amurka a 2019. A gida ma, bayan Dokar Kare Bayanai ta 2023, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a 2024.

Mastodon ba ya sa talla, don haka ba shi da wannan kwaɗayi na tara bayanai. Amma kuskure ne babba, kuma na ji wasu ɗalibaina suna yin sa, a ɗauka cewa rashin talla daidai yake da sirri. Saƙon da ka aika wa mutum ɗaya a Mastodon ba a kulle yake daga bakinka zuwa kunnensa ba. Mai garkenka yana iya karantawa, haka ma mai garken wanda ka aika wa. Ka dai sauya wanda ka ba amana ne, daga kamfanin da ba ka sani ba zuwa mutumin da wataƙila ba ka sani ba, wanda kuma ba shi da lauyoyin da za su tsaya idan hukuma ta buga ƙofa.

Sa'an nan ga tambayar fura. Yawancin garakai gudummawa ce ke riƙe da su, masu tace zagi da ƙarya kuma aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin. Wannan ciwo ya game manhajar gayya baki ɗaya. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da ita, sai ga shi 'yan tsirarun mutane ne ke kula da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Maris 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar sata da aka dasa a xz Utils, bayan wani ya shafe fiye da shekara biyu yana neman yardar mai kula da ita wanda aiki ya yi wa yawa. Talakawa suka yi noma, attajirai suka kwashe amfanin, ba wanda ya tuna da gyaran shinge. Idan kuma attajirin ya kawo taimako, an san cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Lasisi yana da haƙori, amma iyakarsa tushe. A 2021 dandalin Truth Social na Donald Trump ya ɗauki tushen Mastodon ba tare da ya bayyana ba, aka matsa masa da sharaɗin lasisin AGPL, ya bayyana. Abin da lasisin ba ya iya hanawa shi ne girma. Meta ya buɗe Threads a Yuli 2023, ya fara gwajin haɗa shi da ActivityPub a Disamba 2023, wasu masu garakai suka yi maraba, wasu suka toshe shi tun kafin ya iso. Tsoronsu yana da tushe, domin wasiƙar intanet ma a kan buɗaɗɗiyar ƙa'ida take, kowa na iya kafa nasa gidan wayar, amma a yau ƙaramin gidan da Gmail ko Outlook suka jefa wasiƙunsa cikin kwandon shara, kusan daidai yake da wanda aka rufe.