Wane furosesa za a sa wa kwamfutocin aiki masu zuwa, kuma ina ruwanmu a ciki?

 A makonnin nan tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa a cikin saƙonnin da kuke aiko mana. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Faransa yana so ya aiko wa ƙanensa, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda da yawanmu muke kira ordinatar. Wani kuma mai shagon buga takardu ne a Damagaram, ya tara ƴan kuɗinsa zai canza tasa. Su biyun tambayarsu ɗaya: mu saya yanzu, ko mu jira sababbin da ake cewa za su fito a 2026? In kuma za mu saya, wace iri?

Amsar tana rataye ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin na'urar, wanda ake kira furosesa. Bari mu bi maganar daki-daki, tun da kuɗin kwamfuta ba kuɗin da ake zubarwa sau biyu ba ne.

Mene ne furosesa?

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk lissafin da na'urar ke yi, daga buɗe wasiƙa zuwa haɗa bidiyon biki, ta kansa yake bi. Shi ne ke nuna saurin na'urar, da yawan wutar da take ci, da zafin da take yi. A kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu an like shi ne a jikin allon ciki, ba a cire shi a sa wani. Wato wanda ka saya da shi, da shi za ka zauna har na'urar ta tsufa.

Furosesa gida biyu ne. Gida na farko ana ce masa x86, asalinsa daga wani furosesa da kamfanin Intel ya fitar a 1978. Intel da AMD, dukansu na Amurka, su ne ke ƙera na wannan gida, kuma kusan duk kwamfutar Windows da kuka taɓa gani a ofis ko a lakwal nasu ne a ciki. Gida na biyu shi ne Arm, zanen wani kamfani na Ingila. Irinsa ne a cikin wayar salular da ke aljihunku, kuma an san shi da ƙarancin cin wuta. Gidajen biyu ba yare ɗaya suke ji ba. Manhajar da aka rubuta don x86 sai an yi mata tafinta kafin ta yi aiki a kan Arm. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Su wa ke kokawar?

Shekara da shekaru Intel ne sarkin kasuwar kwamfutocin aiki, irin su ThinkPad na Lenovo, da EliteBook na HP, da Latitude na Dell, wanda tun farkon 2025 aka sake masa suna zuwa Dell Pro. Abin ya fara canzawa ne a watan Nuwamba na 2020, lokacin da Apple ya fitar da nasa furosesan mai suna M1, na gidan Arm, ya fara janyewa daga Intel. Mutane suka ga kwamfutar da ke yini guda a kan batir, ba ta kuma yin zafi sosai. Daga nan sauran kamfanoni suka tashi tsaye.

Apple ya kai M5, wanda ya fito da shi a watan Oktoba na 2025 a cikin MacBook Pro mai inci 14. Kamfanin Qualcomm, wanda aka fi sani da furosesan waya, ya shigo kwamfutocin Windows da ƙarfi a watan Yuni na 2024 da Snapdragon X Elite, shi ma na gidan Arm. A watan Satumba na 2025 ya sanar da na biye da shi, X2 Elite, ya ce kwamfutocin da ke ɗauke da shi za su fito a rabin farko na 2026. AMD yana da jerin Ryzen AI 300 tun 2024, tare da wani nau'i mai alamar PRO da aka yi don ofisoshi, kuma a 2025 Dell ya fara sa AMD a manyan kwamfutocinsa na aiki.

Shi kuwa Intel, ya sha wahala a ƴan shekarun nan, har gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa a watan Agusta na 2025. Wata ɗaya bayan haka kamfanin Nvidia ya ce zai zuba masa dalar Amurka biliyan 5, su yi aiki tare. A ƙarshen 2025 begen Intel yana kan sabon furosesansa mai laƙabin Panther Lake, wanda aka sa wa sunan Core Ultra jeri na 3. Da sabuwar fasaharsa mai suna 18A yake ƙera shi, a masana'antarsa ta jihar Arizona, kuma ya ce zai bazu a kasuwa daga watan Janairu na 2026. Wannan babban gwaji ne gare shi, domin su Apple da AMD da Qualcomm ba su da masana'antar kansu, galibi kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera musu.

Akwai kuma wani sabon sashe da kowa ke tallatawa, mai suna NPU, wanda aka keɓe don ayyukan ƙirƙirarriyar basira, kamar fassara magana ko gyaran hoto a cikin na'urar kanta. Microsoft ya ce kwamfuta ba za ta samu tambarin Copilot+ ba sai NPU ɗinta na iya lissafi tiriliyan 40 a daƙiƙa guda, kuma tana da RAM aƙalla giga 16.

To, mene ne hasashenmu?

Hasashe muke yi, amma ga abin da muka dogara a kai. Muna ganin mafi yawan kwamfutocin ofis da za su fito a 2026 za su ci gaba da zama na gidan x86, Intel a gaba, AMD na ƙara cin ƙasa a bayansa. Dalili kuwa, manyan masu sayen irin waɗannan na'urori bankuna ne da ma'aikatu da kamfanoni, waɗanda ke saye dubbai a lokaci guda. Su ba sa son abin mamaki. Suna da tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi da na tsaro da suka saba da su, kuma ba za su yarda aiki ya tsaya don ƙarin awa biyu na batir ba.

Snapdragon muna ganin zai samu wuri a kwamfutoci marasa nauyi, na ma'aikatan da ke yawan tafiya, waɗanda aikinsu bai wuce intanet da rubutu da taro ta bidiyo ba. Apple kuwa a ƙarshen 2025 ana sa ran zai bi al'adarsa, ya fito da manyan ƴan'uwan M5 don masu haɗa fim da masu rubuta manhaja. Su kuma injiniyoyi da masu zanen gini, waɗanda ke buƙatar ƙarfin hoto, za su ci gaba da neman Intel ko AMD haɗe da katin hoto na Nvidia. A 2025 an yi ta raɗe-raɗin cewa Nvidia ma zai fito da nasa furosesan Arm don Windows. Wannan sai mun gani da ido. A watan Janairu ake babban baje kolin fasaha mai suna CES a birnin Las Vegas, a can kamfanoni suka saba buɗe kayansu na shekara.

Ina ruwan mutumin Tawa ko Tasawa da wannan?

Ruwanmu babba ne, ta fuska huɗu.

Na farko, zafi da wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40. Furosesa in ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage sauri don kada ya ƙone. Shi ya sa za ka ga kwamfuta tana gudu da safe, da rana kuma ta koma tafiyar hawainiya, fanka na ta kuka. Ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska. Ga kuma ɗaukewar kuran, ko gidan da ya dogara da faifan hasken rana guda. A wurinmu furosesa mai cin wuta kaɗan ya fi mai ƙarfin da ba za mu mora ba. Wannan kokawa ta kamfanoni, da ta tilasta wa Intel da AMD rage cin wuta, alheri ce gare mu.

Na biyu, maganar tafinta. Windows na kan Snapdragon yana da tafinta mai suna Prism, kuma manhajoji da yawa na aiki lafiya ta kansa. Amma ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da injin buga takardu ko sikana, wadda ake kira direba, ba ta bin tafinta. Dole sai an yi ta musamman don Arm. Mai shagon buga takardu da ke da tsohon inji zai iya sayen sabuwar kwamfuta mai tsada, ya kawo ta gida, ta ƙi gane injinsa. Haka ɗalibin da malaminsa ya ba wata manhaja ta musamman ta lissafi ko ta taswira. A tambaya kafin a saya.

Na uku, gyara. Wasu sababbin furosesa, kamar na Apple da Core Ultra 200V na Intel, an haɗe su ne da RAM ɗinsu, ba a ƙara shi daga baya. In ka sayi mai giga 16, shi ke nan. Mai gyara a kasuwa yana iya ƙara wa tsohuwar ThinkPad RAM ko ya canza mata batir cikin ƴan mintoci, amma ba kowace sabuwa ce ke ba da wannan dama ba. Ƙari a kan haka, farashin RAM ya soma hawa a kasuwar duniya a ƙarshen 2025, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na wawure shi. Ke nan jira ba lalle ya kawo araha ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi gaggawa: kwamfutocin hannu. Yawancinmu ba sabuwa dal muke saye ba. Waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su bayan shekara uku zuwa biyar su ne ke iso wa kasuwanninmu. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, sai wani ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, wanda a 2025 aka ce ga mutane masu zaman kansu zai ƙare a Oktoba 2026. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, yana neman furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko Ryzen na AMD daga jerin 3000 da wasu na jerin 2000, tare da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Ofisoshin waje na ta sallamar na'urorin da ba su cika wannan sharaɗi ba. Ina kuke jin za su nufa? Muna sa ran ganin su da yawa a nan, da farashi mai jan hankali.

Yadda za a gane zubin

Abin ba wuya. Kada ku tsaya ga jin "i5" ko "i7" daga bakin mai sayarwa, domin akwai i7 da ya haura shekara goma a duniya. Ku dubi lambar da ke biye. In an rubuta i5-6300U, lambar farko 6 ce, zubi na 6 ke nan, ya gaza. In i5-7200U ne, zubi na 7, shi ma ya gaza. In i5-8250U ne, zubi na 8, ya shiga. In kuka ga i5-1135G7, lambobi biyun farko za ku karanta, zubi na 11 ne. Takardar da aka manna a jiki ana iya canza ta, don haka ku sa a kunna na'urar, a buɗe muku shafin bayanan tsarinta, ku karanta da idonku. Gani ya kori ji.

Shawararmu

Ga ɗan'uwanmu na Faransa: in ƙanenka rubutu da bincike da lissafi zai yi, ba sai ka jira 2026 ba. Kwamfutar aiki ta Intel ko AMD da aka ƙera a ƴan shekarun nan, mai RAM giga 16 in da hali, mai batir mai rai, ta ishe shi har ya gama karatu. Ka tambaye shi manhajojin da sashensu ke amfani da su kafin ka biya. Ka kuma duba allon rubutu, tun da wanda ya saba da tsarin Faransanci na AZERTY zai ɗan wahala da QWERTY na ƙasashen Ingilishi.

Ga mai shagonmu na Damagaram: tsaya a gidan x86 tukuna, saboda injinanka. In kana da halin jira zuwa bayan Janairu, ka jira ka ga abin da ya fito, domin sabo in ya shigo, na bara yakan ɗan sauko. In kuma aikinka na tsaye, saya yanzu, amma kada ka sauka ƙasa da zubi na 8, komai daɗin farashi. Araha ba ta ado.

Tambarin Copilot+ kuwa, kada ya ruɗi kowa. Wanda aikinsa wasiƙa ne da lissafin shago ba ya bukatar biyan ƙarin kuɗi dominsa a yanzu.

Da zarar an kammala baje kolin Janairu za mu dawo mu duba inda hasashenmu ya faɗa daidai da inda ya kauce. Kafin nan, duk wanda ya samu kwamfutar da yake son saye, ya rubuto mana lambar furosesanta, za mu karanta ta a cikin shiri mu yi bayani, kowa ya amfana. Allah ya sa mu dace, ya kuma albarkaci nemanmu.