Albasa da Sanyin Hunturu: Abin da Ke Sa Ta Yi Kai ko Ta Yi Fure

Masu iya magana kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masana ilimin tsirrai kuwa sun gano cewa idan ana neman abin da ke juya halin albasa, to, sanyin dare ne da tsawon yini. Wannan ne ya sa a wata shekarar manomi kan cika buhuna da manyan kawuna, a wata kuma sai ya wayi gari ya ga lambunsa ya tashi da dogayen karare masu farin fure, alhali iri ɗaya ya shuka, ruwa ɗaya ya ba su. Ɗalibin da ke zaune a Shahuci, cikin birnin Kano, yana iya gano dalilin haka da kansa, ba tare da ya mallaki gona ba. Albasar da zai sayo a Kasuwar Rimi da 'yan tsofaffin gwangwanaye sun ishe shi.

Mene ne kan albasa?

Mutane da yawa suna ɗaukar kan albasa a matsayin saiwa, amma ba saiwa ba ne. Idan aka tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, za a ga wani ɗan faifai mai tauri a gindinsa. Wannan faifan shi ne ainihin karan tsiron. Daga ƙarƙashinsa saiwoyi suke fitowa, a kansa kuma ɓawon nan masu ruwa suke zaune, ɗaya cikin ɗaya. Kowane ɓawo gindin ganye ne wanda ya kumbura da sukari da ruwa. A can tsakiya akwai ƙaramin toho yana kwance.

Wato kai rumbu ne. Albasa, wadda masana ke kira Allium cepa, tsiro ne mai rayuwar zango biyu. A zangon farko tana yin lawashi, ta tara abinci a cikin kai, sannan ganyen ya bushe ta huta. A zango na biyu tana cinye abin da ta tara domin ta fitar da fure da iri. Tafarnuwa da gadali da albasar kwaɗi duk masu irin wannan rumbun ne.

Furannin ƙasashen sanyi

A Turai ana shuka wasu tsirrai masu kai saboda kyan furensu kawai, kamar tulif da dafodil. Asalin tulif duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya shiga Turai ta hannun Turkawan Daular Usmaniyya a ƙarni na 16. A shekarar 1593 wani masani mai suna Carolus Clusius ya koma garin Leiden na ƙasar Holan, inda ya kafa lambun jami'a ya shuka tulif a ciki. Son furen ya kai har aka riƙa cinikin kawunansa da kuɗi na fitar hankali, kafin kasuwar ta karye a watan Fabrairun 1637.

Abin lura a nan shi ne, tulif kan gama ƙera furensa a cikin kai tun lokacin zafi, amma karan furen ba zai miƙe sosai ba sai kan ya sha sanyin da bai wuce digiri 9 ba na tsawon mako 12 zuwa 16. Idan sanyin shekara ya zo a tsinke, yau ƙanƙara gobe ɗumi, furen kan fito gajere, ko kuma ganye ya leƙo da wuri sanyi ya dawo ya ƙona bakinsa. Saboda haka ne mai son tulif a ƙasa mai zafi sai ya ajiye kawunan a firji kafin ya shuka. Ko da dare mafi sanyi a Kano ba zai biya wa tulif buƙatarsa ba. Amma dokar da ke aiki a kansa ita ce ke aiki a kan albasa.

Ma'aunai biyu

Ma'auni na farko shi ne tsawon yini. A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa tsirrai suna auna tsawon yini, kuma da shi suke sanin lokaci. Albasar ƙasar Hausa, kamar jar albasar Kano da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar, tana fara yin kai idan yini ya kai kimanin awa 12. A Kano yini bai fi awa 11 da rabi ba a watan Disamba, daga nan yake ƙaruwa har ya kusanci awa 13 a watan Yuni. Shi ya sa kai ke kumbura a Fabrairu da Maris, lokacin da yini ke tsawo, zafi kuma ke ƙaruwa. Irin albasar arewacin Turai, mai jiran yinin awa 15 ko fiye, idan aka shuka shi a nan lawashi kawai zai yi ta yi.

Ma'auni na biyu shi ne sanyi. A shekarar 1918 wani Bajamushe, Gustav Gassner, ya bayyana cewa akwai hatsin da ba ya fitar da kai sai ya sha sanyi yana ƙarami. Ana iya kiran wannan horon sanyi. A albasa, tohon nan na tsakiya shi ke jin sanyin. Idan ya sami darare masu sanyi a jere na makonni, sai ya daina ƙera ganye ya koma ƙera fure. Yawancin ire-iren albasa sun fi karɓar wannan horo a tsakanin digiri 8 zuwa 12, amma na Afirka ta Yamma suna karɓarsa ko da sanyin bai kai haka ba. A Kano kuwa, a Disamba da Janairu, ma'auni kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da 10, da rana kuma ya hau kusan 30.

A shekarar 2013 masu bincike a ƙasar Niyu Zilan suka gano cewa wasu ƙwayoyin gado 'yan gida ɗaya ne ke riƙe da waɗannan ma'aunai: ɗaya tana hana yin kai, ɗaya tana umartar a yi shi idan yini ya yi tsawo, ta uku kuma tana farkawa bayan sanyi ta kira fure.

Idan hunturu ya sauya hali

Hunturu ba ya zuwa iri ɗaya kowace shekara. Wani lokaci hazo da ɗari kan sauka tun Nuwamba, wani lokaci sai Janairu, wani lokaci kuma a yi mako guda ana rawar ɗari, mako na gaba a koma fifita. Wannan sauyi yana taɓa manoma iri biyu ta fuskoki daban.

Mai noman kai ba ya son fure. Albasar da ta fitar da kara tana tura abincinta sama, kanta ya zama ƙarami, da wani kara mai tauri a tsakiya. Wuyanta ba ya rufewa, don haka ba ta ajiyuwa, kuma ba ta daraja a kasuwa. Sa'ar manomi ita ce, ƙaramar albasa ba ta jin horon sanyi. Sai ta kai wani girma, wuyanta ya kusa kaurin fensir, sannan sanyi ke kama ta. Saboda haka wanda ya yi gaggawar yafa iri, dashensa ya girma sosai kafin tsakiyar hunturu, shi ya fi fuskantar asara idan ɗari ya yi tsanani. Wanda kuma ya makara ƙwarai, zafin bazara zai tilasta wa albasarsa yin kai tun ba ta tara isasshen ganye ba, ga ƙananan ƙwarin nan masu tsotse lawashi da ke yawaita idan zafi ya shigo. A wuraren noman rani irin su Kadawa da Kura, an saba dasa irin da ya yi mako shida zuwa takwas a cikin Nuwamba ko farkon Disamba, a cire albasa a Maris ko Afrilu.

Mai noman iri kuwa furen yake nema. Yakan zaɓi lafiyayyun kawuna daga amfanin bara, ya adana su har damina ta wuce, ya dasa su kafin ɗari ya kankama. Babban kai ya riga ya wuce ƙuruciya, don haka sanyi na kama shi nan da nan. Haɗarinsa shi ne shekarar da sanyi ya yi ƙaranci, ko zafi ya katse shi a tsakiya, domin zafin da ya kai digiri 30 yana iya warware horon da aka fara. Idan haka ta faru karare kan yi kaɗan, iri ya yi tsada a shekara mai zuwa, tun da irin albasa ba ya daɗewa a ajiye cikin zafi.

Akwai kuskuren da ya kamata a guje masa: ɗibar iri daga albasar da ta yi fure tun zangonta na farko. Wannan hali ana gadonsa, kuma mai yin haka yana tara wa kansa albasa mai saurin fure ne.

Masu jiran ruwa

Ba kowane mai kai ne ke jiran sanyi ba. Albasar kwaɗi, wadda ake gani a fadamu, tana kwance a ƙasa duk tsawon rani, da zarar ruwan farko ya sauka sai ta fitar da manyan furanni farare masu jan zane. Ita ruwa ne agogonta, domin fari ne abokin gabarta. A kula, kanta yana da guba, ba a ci.

Gwaji ga makarantu

A cikin Nuwamba a samo kawunan albasa 20, manya goma, ƙanana goma. A huda gindin gwangwanaye ko tsofaffin bokitai, a cika su da ƙasa mai yashi haɗe da ruɓaɓɓen taki. A dasa kowane kai, a bar wuyansa a waje. A raba su gida biyu, kowane da manya biyar da ƙanana biyar. Kashi ɗaya ya kwana a fili, kamar tsakiyar filin makaranta ko kan soro, ɗayan kuma a riƙa shigar da shi ɗaki da magariba a fito da shi da safe. Ginin ƙasa irin na Shahuci yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, don haka ɗakin zai fi fili ɗumi. A riƙa ba su ruwa daidai, ba tare da ya kwanta ba, domin jiƙa tana ruɓar da kai. Kowace asuba a rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna a wuraren biyu.

A ƙarshen Fabrairu a ƙirga karan furen da kowane kashi ya fitar, a kwatanta da lissafin dararen sanyi. Makarantar da ta riƙe wannan littafi shekara biyar a jere za ta sami bayanin da zai amfani manoman da ke kewaye da ita wajen zaɓen ranar yafa iri da ranar dashe.