Hasken Rana da Gurɓataccen Ruwa: Bahasi a Kan Aikin Farfesa Umar Ibrahim Gaya

Masu ba da tarihi sun ruwaito cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin Dala saboda neman tama. To, a wannan zamani ma sunan Gaya ya shiga littattafan masana kimiyyar sinadarai na duniya, ta hanyar Farfesa Umar Ibrahim Gaya na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda fanninsa shi ne yadda haske yake sarrafa sinadari.

Asalin mas'alar daga Japan take, inda a shekarar 1972 wasu masana biyu, Fujishima da Honda, suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, wato farin sinadarin nan da ake sa wa fenti da man goge baki, yana iya raba ruwa gida biyu idan haske ya sauka a kansa. Bayan haka masana suka gane cewa idan aka barbaɗa garinsa cikin gurɓataccen ruwa aka haska shi, yakan haifar da wasu ƙwayoyin zarra masu tsananin kaifi, waɗanda suke farfasa dafin da ke ciki har ya koma ruwa da iskar kabon, alhali shi garin bai ƙare ba. Illarsa ɗaya ce, kuma babba: ba ya motsawa sai da hasken da ya gota shuɗi, wanda ido ba ya gani, wanda kuma bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba.

A shekarar 2008, yana karatun digirinsa na uku a Jami'ar Putra ta Malesiya, shi da malaminsa Abdul Halim Abdullah suka wallafa maƙala mai shafi 12 da ta tattara usulin wannan fanni, da ci gaban da aka samu, da mushkilolin da suka rage. Masu bincike sun kafa hujja da ita sau dubbai, kuma duk wanda ya zauna gaban malaman zaure ya san darajar talifin da ake yawan jingina isnadi gare shi. A 2014 kamfanin Springer ya buga littafinsa a kan fannin.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin ɗakin gwaji, wanda ya fito a 2009, inda suka jarraba zinki oksaid, wani sinadarin da shi ma haske yake motsawa, a kan kulorofenol, dangin gubar da ake samu a magungunan ƙwari da na ciyawa da na adana fata. Mai bincike yakan ɗebi ruwan lokaci bayan lokaci, ya tace shi, ya zuba a ƴar kwalba mai kusurwa huɗu wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, ya sa a na'urar awon haske. Na'urar ta ratsa shi da haske, ta ƙididdige abin da ruwan ya shanye, domin kowane sinadari yana da irin hasken da yake sha, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon shansa. Ba su tsaya ga ganin dafin ya ragu ba, sai da suka bi sawun abubuwan da yake rikiɗewa ya zama kafin ya ƙare, saboda ruwa yana iya washewa a ido alhali cutarsa tana nan. Wannan shi ne tahƙiƙi.

Alal haƙiƙa, ƙidayar masu kafa hujja da bincike ma'auni ne na rabin tasirinsa kawai; ɗaya rabin shi ne amfaninsa ga jama'a. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna malalo da ruwan ƙazantarsu zuwa kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da kogin Kano, ya gangara ta Wudil, ya bi ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, kuma da shi masu noman rani suke ban ruwa, masunta suke jefa koma, makiyaya suke shayar da shanu. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita fiye da ƙasashen da suka fi mu cin moriyar wannan ilimi.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Kano da masu masana'antu su zauna da malaman Bayero da na jami'ar kimiyya ta Wudil, a ware kuɗi, a gina wurin gwaji a bakin magudanar masana'anta guda, a auna ruwan kafin shigarsa da bayan fitarsa, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.