Giɓin da ke Ƙara Faɗi Tsakanin Masu Sha'awa da Ƙwararru a Ilimin Taurari

Masu binciken kimiyya sun kasu gida biyu: akwai mai sha'awa, wato wanda yake nazari da kuɗin aljihunsa bayan ya tashi daga sana'ar da yake ci da ita, akwai kuma ƙwararre, wanda ya yi karatu mai zurfi kuma jami'a ko gwamnati ke biyansa albashi domin ya yi bincike. A ƙarni na 18 da wuya a raba ɗaya da ɗaya, amma a yau tazarar da ke tsakaninsu ta yi nisa ƙwarai, kuma babu fagen da ya fi nuna haka kamar ilimin taurari.

William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus ranar 13 ga Maris 1781, makaɗi ne a garin Bath na Ingila, yana koyar da kiɗa da rana, da dare kuma ya fita lambun gidansa da madubin hangen nesa wanda shi da kansa ya zuba ƙarfensa ya goge. A zamaninsa bincike bai zama sana'a ba tukuna, domin ko kalmar Ingilishi da ake kiran masanin kimiyya da ita sai a 1833 William Whewell ya ƙirƙiro ta.

Sauyin ya samo tushe ne daga jami'o'in Jamus a ƙarni na 19, inda malamai irin su Justus von Liebig na Giessen suka mayar da ɗakin gwaji wurin horar da ɗalibai, har digirin digirgir ya zama ƙofar da ba a shiga bincike sai ta cikinta. Daga baya tsadar kayan aiki ta ƙara raba masu sha'awa da ƙwararru. A 1937 Grote Reber ya iya haɗa farantin kama siginar rediyo daga sararin samaniya, mai faɗin kimanin mita 9, a filin gidansu da ke jihar Illinois ta Amurka, alhali madubin James Webb da aka harba a Disamba 2021 ya ci kusan dala biliyan 10, kuma ko ƙwararre ba ya samun damar amfani da shi sai ya rubuta buƙata kwamiti ya tantance. Ga kuma lissafi mai sarƙaƙiya da ake rubuta sakamako da shi, ga mujallun bincike da yawa waɗanda kuɗin karanta su ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Farautar tauraro mai wutsiya, wato dunƙulen ƙanƙara da ƙura wanda ke fitar da jela idan ya kusanci rana, ita ce ta daɗe a hannun masu sha'awa, tun da al'ada ta tanadi a raɗa wa tauraron sunan wanda ya fara ganinsa. Ta haka ne sunan Thomas Bopp ya shiga tarihi a 1995, na Yuji Hyakutake ɗan Japan kuma a 1996. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai na'urori masu sarrafa kansu, irin su LINEAR da Catalina, sannan Pan-STARRS a tsibiran Hawaii, suka fara ɗaukar hoton sama dare bayan dare, kwamfuta na tsamo duk abin da ya gusa tun yana dishi-dishi, ta yadda mafi yawan sababbin taurarin nan sunan na'ura suke ɗauka.

Duk da haka sama ta fi ƙarfin a ce an gama tsaronta. Ranar 20 ga Satumba 2016, Víctor Buso, mai sana'ar makullai a birnin Rosario na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara a kan madubinsa mai faɗin santimita 40 a saman gidansa, sai ya lura da wani ɗigon haske da babu shi a hotunan farko yana ƙara ƙarfi a na baya. Abin da ya kama shi ne farkon fashewar wani ƙaton tauraro, lokacin da ƙwararru suka daɗe suna nema ba su dace ba. A 2019 ma Gennadiy Borisov ya gano tauraro mai wutsiya na farko da aka tabbatar daga wajen tsarin ranarmu ya fito, da madubin da ya ƙera da hannunsa a yankin Kirimiya.

Abin damuwar shi ne matsayin da ake ajiye mai sha'awa a yanzu. Shirye-shirye irin su Galaxy Zoo, wanda aka buɗe a 2007 domin jama'a su rarraba hotunan tarin taurari ta intanet, sun jawo dubban mutane, amma galibi aikinsu tattarawa ne da tantancewa, tambaya da fassara kuma suna hannun jami'a. Kimiyyar da ta mayar da jama'a 'yan kallo ko 'yan aike tana asarar idanu masu yawa, tana kuma raunana amincewar mutanen da harajinsu ke ɗaukar nauyinta. Da aka buga sakamakon abin da Buso ya gani a mujallar Nature a 2018, sunansa ya fito cikin jerin marubutan tare da na masu digiri, kuma wannan shi ne adalcin da ya kamata ya zama ƙa'ida.